Agwagwa ta Nutse a Kududdufin Umma

Agwagwa ta nutse a ruwa. Da wani ne ya zo wa Umma da wannan zance, da ta ce ya matsa gaba ya nemi wanda zai yi wa ƙarya. Amma ga shi da idonta, da sanyin safiya: babban toronta, wanda ko karen maƙwabta ba ya yarda su haɗa hanya, yana cikin kududdufi, kai a ƙasa, ɗan bayansa kawai ke leƙowa. Ta jawo shi da doguwar sanda. Da ta ɗaga shi sai ta ji nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ta cusa yatsa cikin gashin ƙirjinsa, ta ji ruwa har fata. Duk shekarun da ta yi tana kiwo ba ta taɓa jin fatar agwagwa a jiƙe ba, ko da kuwa ta wuni cikin ruwan sama.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar kwanon da ke jikin katangar baya, inda mijin 'yarta ke gyaran janareta, ta gyaɗa kai a hankali.

"To," ta ce. "An fara ke nan."

Kududdufin dai ba wani abin a zo a gani ba ne. Marigayi mijinta ne ya haƙa shi a bayan gida, ya shafe shi da siminti, wai zai yi kiwon kifi. Kifi suka ƙi shi, shi ma ya ƙi su, ita kuma ta zuba agwagi. Faɗinsa bai wuce ɗaki guda ba, zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, bangonsa a miƙe, sai wani katako da aka jingina, wanda agwagin ke bi su sauka su hau. Ta dalilinsa ne unguwa ta manta sunanta, kowa sai Mai Agwagi.

'Ya'yanta duk sun watse, kowa da garin da abinci ya kai shi. Auta ce kaɗai ta rage mata kusa. Bayan rasuwar maigidan, Umma ta zauna ita ɗaya a gidan, har ranar da ta kama kanta tana ba agwagi labarin mafarkin da ta yi, tana jiran su amsa. Ranar ta tsorata. Ita da ba ta iya roƙo ba, ta roƙi Auta ta lallashi mijinta su dawo ɗakunan gaba. Suka dawo, aka haifi yarinya aka sa mata sunan Umma, ake kiranta Takwara. Ba abin da Umma ke tsoro a duniya kamar Auta ta sake fita daga gidan nan. Wannan ta san shi sarai. Abin da ta kasa kawai shi ne yarda da mutumin da ya dawo mata da 'yarta.

A gaban idonsa "mijin Auta" take ce masa, a bayan idonsa kuwa Baƙin Mai, saboda faratansa da ba sa fita. Me ya yi mata? Ai matsalar ke nan, bai yi mata komai ba. Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, ido a ƙasa, murya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ladabin da ya yi yawa ba ya kwanta mata a rai. Mutum ya daɗe haka a gidanka bai taɓa ɗaga murya ba, ai akwai abin da yake jira.

Kuma ta gano abin da yake jiran. Lokacin da Takwara ta fara tafiya, ya zo ya tsuguna ya ce, "Umma, da za ki yarda, da an kewaye ramin nan ko a cike shi. Yarinyar nan ba ta zama wuri ɗaya yanzu."

Umma ba ta ji "a kewaye" ba, "a cike" kawai ta ji. Da yamma ta tsaya ta auna da ido: in aka cike kududdufin, filin zai haɗe da rumfarsa daidai wa daida, har mota ta iya shigowa. Ta sa aka ɗaura wa ƙofar baya sakata sama da tsawon Takwara, maganar kuma ta ajiye ta a ranta, inda take ajiye irinta.

Sai aka yi wani ruwan sama mai iska, ya kifar da kwanon da mijin Auta ke tara tsohon baƙin mai a ciki, ruwa ya kwaso ya gangaro da shi. Da gari ya waye kududdufin ya yi wani maiƙo mai launi-launi daga wannan bango zuwa wancan. Shi da kansa ya zo ya same ta kafin ta neme shi.

"Umma, laifina ne, ki yafe mini. Zan kawo inji in zuƙe ruwan duka, in wanke ramin, a zuba sabo."

"Bar shi," in ji Umma. "Kayana ne, ni zan ji da shi."

A zuƙe? Yau a zuƙe ruwa, gobe tifa ta sauke yashi, jibi a ce ai tunda ya riga ya bushe. Ba da ita ba.

Matar da ta ƙare rayuwarta tana wanke tukwanen suya ai ba a koya mata maganin maiƙo. Ta jira Auta ta tafi aiki, ta ɗauko jarkar sabulun ruwa na wanke-wanke, ta tsiyaya a tsakiyar kududdufin. Kai, abin gwanin ban sha'awa! Maiƙon ya tsere ta ko'ina kamar an kore shi da bulala. Ta sa sanda ta gauraya, ya ɓace ɓat, ruwan ya ɗan yi fari-fari kawai. Ta koma ciki tana jin daɗin kanta. Ba ta gaya wa kowa ba. Tara masa take yi, don ranar da za a yi ta, ta ce ga abin da ta daɗe tana haƙuri da shi.

Ba a jima ba, wata safiya, ga maiƙon nan ya dawo.

Nan ne zarginta ya sami gindin zama. Na farko a ce ruwan sama ne. Wannan fa? Ko gajimare babu. Ta ƙara sabulu, ya ɓace. Ya sake dawowa, ta sake ƙarawa. Ta fara ɗana masa tarko. Ta share ƙasar da ke kewaye da ramin ta yi sumul don ta ga sawu, ba ta ga komai ba sai sawun agwagi. To daga nesa yake watsowa ke nan. Ranar da ya tafi sayen kayan gyara ta shiga rumfarsa, tana tattare zani don kada ya taɓa komai, ta sa gawayi ta yi alama a jikin jarkar da ya koma tara tsohon mai. Da ta dawo dubawa, maimakon man ya ragu sai ta ga ya ƙaru. Wani zai ce ai shi ke nan, mutumin ya fita. Umma kuwa tsaki ta ja. Ya ga alamar, shi ya sa ya ƙara. Wayonsa ya ma fi yadda ta zata.

Ƙwarin nan masu dogayen ƙafafu da ke tafiya a kan ruwa, waɗanda Takwara ke nunawa tana dariya, suka ɓace gaba ɗaya. Agwagin kuma in sun fito sai su tsaya a rana suna karkarwa, suna ta gyaran gashi da baki ba ji ba gani, gashin ya ƙi kwanciya. Katakon ya yi santsi, su hau su zame. Ba mai kaɗai ba ne, in ji Umma a ranta, akwai abin da yake haɗawa a ciki. Ana cikin haka ne ta wayi gari ta tarar da toron.

Ta binne shi kafin kowa ya fito. Da yamma, suna cin abinci ita da Auta, ta ɗan taɓa ta ji.

"Mijinki bai sake maganar faɗaɗa rumfa ba?"

"Wace rumfa kuma, Umma?"

"A'a. Tambaya ce."

Auta a kamfanin fenti take aiki, a ɗakin gwaji, kullum ta dawo a gajiye, ƙamshin fenti har cikin ɗankwalinta. Ta yi dariya ta ce, "Shi da ko ƙusa ba ya bugawa a gidan nan sai ya ce a tambaye ki?" Umma ta dubi yadda fuskar 'yarta ke sakewa in ana maganarsa. Ya gama da ita. Duk abin da aka faɗa mata, kafin a kwanta yana kunnensa. Don haka da Auta ta tambayi ina toro, sai ta ce ya mutu, ta ja bakinta ta tsuke.

Washegari ta kulle sauran agwagin a tsohon kejin kaji, ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Ta juye abin da ya rage a jarkar, ta aika aka sayo wata ta ƙara, ta gauraya har kafaɗunta suka yi tsami. Ruwan ya koma fari kamar an zuba madara, kumfa ta taru a kusurwoyi. Ta zuba ido. Safiya ta zo, ba maiƙo. Wata safiyar ta zo, ba maiƙo. Agwagi na ta kuka a keji suna cusa kai ta waya, ita kuma tana ba su haƙuri. Sai da ta tabbata ko ɗigo bai sake tasowa ba, ta ce ya gaji ya bari, ko kuma ya gane an gane shi. Ranar hutun mako, da hantsi, ta buɗe kejin.

Suka ruga da gudu suna kaɗa fukafukai, suna ture juna a kan katako, suka faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Umma ta yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Ta ji hayaniyarsu ta yi yawa, ta ce murna ce. Sai da hayaniyar ta ɗauke ne gabanta ya faɗi.

Guda ɗaya ce ta rage, Gurguwa, wadda tun tana ƙarama ƙafarta ta karye, ba ta iya bin katakon, a tasa take wanka. Tana tsaye a bakin ramin tana kiran 'yan'uwanta.

Umma ta tsamo su da sanda, ta jera su a babban baho, ta ɗauka a ka. Ruwa na zuba mata a wuya ba ta ji ba. Ta zagaya ta ƙofar waje, don ta gaban mutane take son a yi. Rumfar a cike take, ga masu jiran janaretansu a kan benci, ga matar tela ta maƙwabta ta kawo injin markaɗe. Umma ta kifar da bahon a gaban mijin Auta.

"Ga su nan. Ka samu fili. Sai ka kira tifa."

Ya miƙe da sifana a hannu, ya yi tsuru-tsuru. "Innalillahi. Umma, me ya same su?"

"Ni kake tambaya? Munafuki! Kullum da safe sai na ga manka a ruwana. Ka ɗauka makauniya ce ni?"

"Wallahi, Umma, tun ranar ruwan saman nan ko ɗigo bai..."

"Rufe mini baki! Kana zubawa ina bin bayanka da sabulu, kana zubawa ina bin bayanka da sabulu, jarka har biyu na ƙarar ina wanke ƙazantarka ban ce uffan ba. Da ka ga mai bai kashe su ba ka haɗa da guba. Ka tattara komatsanka ka bar mini gidana. Yau ɗin nan, ba gobe ba!"

Shi dai ya sunkuyar da kai, ya ajiye sifanar a hankali.

"Umma." Auta ce, ta fito da Takwara a kafaɗa. Muryarta ta canza. "Me kika ce kina zubawa?"

"Sabulu. Ko shi ma laifi ne?"

Auta ta rufe ido. Sannan ta dubi mijinta, wanda ya riga ya fara zuba kayan aikinsa cikin buhu.

"In ya fita, tare za mu fita," ta ce. "Kin san haka ko?"

Umma ta sani. Maganar ta shige ta kamar allura. Amma idon mutane na kanta, sai ta ɗauki bahonta ta juya.

Mijin Auta ya tafi neman motar kaya. Auta ta tarar da uwarta a kicin, zaune a kan kujera 'yar tsugunne, tukunyar da ta ɗora ta ƙone. Auta ta ɗauko kofi biyu na gilashi ta cika da ruwa, ta fita ta dawo da gashin agwagwa da ta tsinto a keji. Ta tsoma yatsa a kofin farko ta ɗiga a kan gashin. Ɗigon ya dunƙule, ya gangara ya faɗi, gashin a bushe.

"Ruwa yana riƙe da kansa, Umma. Ƙwayoyinsa kama juna suke yi, har samansa ya zama kamar yana da 'yar fata. A kan fatar nan ƙwarin Takwara ke tafiya. Ita ce ke hana ɗigo shiga gashin agwagwa, don ƙofofin gashin sun yi masa ƙanƙanta, ga kuma man da take ɗebowa da baki daga gindin wutsiya tana shafawa. Iskar da ke ƙarƙashin gashin ita ke ɗaga ta a ruwa, ita ke hana ta jin sanyi."

Ta ɗiga sabulu a kofi na biyu, ta juya da cokali, ta ɗiga a kan gashin. Wannan ɗigon bai tsaya ba. Ya baje, ya shige, gashin ya yi duhu ya lanƙwashe.

"Shi sabulu, kowace ƙwayarsa tana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar ko ganinsa ba ta so, mai take nema. Da kin zuba sai su ruga saman ruwa su jeru, kai a ciki, wutsiya a waje, su shiga tsakanin ƙwayoyin ruwan, riƙon ya saki. Shi ke nan ruwa ya sami hanyar shiga ko'ina. In sama ta cika, sauran sai su dunƙule a cikin ruwan ƙwallo-ƙwallo, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Duk man da suka samu, har na jikin agwagwa, su kwashe su ɓoye a tsakiya."

Ta ɗauko kwalba, ta zuba ruwa da ɗan man girki da ɗigon sabulu, ta girgiza. Ya yi fari.

"Kin ga farin nan? Man ne. An farfasa shi ƙanana-ƙanana, kowane ɗigo da masu gadinsa sun yi masa zobe, sun hana shi komawa ya haɗu da ɗan'uwansa. Bai je ko'ina ba. A tukunya kina ɗaurayewa ki zubar, ruwan ya tafi da shi. A rami ina zai je? In masu gadin ba su isa ba, sai ya taso a hankali ya sake haɗewa a sama, ki gan shi da safe. Man ranar ruwan saman nan ne kike ta gani, shi ɗin dai, ba wani sabo. Da kika juye jarka guda, gadi ya yi yawa, ya daina tasowa, kika ce ruwa ya yi tsabta." Ta ɗago ta dubi uwarta. "Aikina ke nan kullum, Umma. Abin da ba ya son ruwa muke sawa ya zauna cikin ruwa ya zama fenti. Da kin faɗa mini sau ɗaya, da ko guda ba ta mutu ba."

Umma ta kalli kofunan, ta kalli kwalbar, wadda har ta fara yin wani siririn zobe na mai a wuya. Amma wa ya ɗebo ruwan? Auta. Wa ya zaɓo gashin? Auta. Yarinyar da ke wuni cikin sinadarai ai za ta iya sa ruwa ya yi duk rawar da take so. Kuma wace mace ce ba za ta yi wa uwarta dabo ba in dai za ta ceci mijinta?

"Shi ya tsara miki wannan," ta ce, "ko ke kika tsara masa?"

Hawaye suka cika idon Auta, ba ta bari sun zubo ba. Ta ajiye kwalbar.

"Zan je in haɗa kaya. In kin fito kin faɗi gaskiya a gaban mutanen da kika tara masa, da hannuna zan kwance. In ba ki fito ba, Allah ya ba mu haƙurin juna."

Umma ta zauna tana jin ana jan akwati a ɗakunan gaba. Ta ji tsayawar mota a ƙofar gida, ta ji ana ɗaga gado. Sai ta miƙe. Abin da ba ta gwada da hannunta ba, ba za ta yarda da shi ba. Ta wanke babban bahon wanki da ruwa zalla, ta ɗauraye har sau nawa, ta tara ruwa daga famfo da kanta har baki. Ta ɗauko Gurguwa ta sa a ciki.

Gurguwa ta zauna a saman ruwan kamar ƙwarya. Ta tsoma kai ta fito, ruwa ya gangare mata ta baya ɗigo-ɗigo, ko alama bai bari ba. Ta kaɗa wutsiya.

Umma ta girgiza jarkar, ta tsiyayo ɗan abin da ya maƙale a gindi, ta juya da hannu.

Da farko ba abin da ya faru, har ta fara cewa yauwa. Sai ta ga ƙirjin Gurguwa ya fara duhu daga ƙasa. Ruwan da ɗazu bai wuce cikinta ba ya hau haƙarƙari. Agwagwar ta fara harba lafiyayyar ƙafarta da sauri, tana miƙa wuya. Ta sake tsoma kai, wannan karon ta fito gashin kanta a manne, ta koma wata 'yar tsigigiya. Ruwa ya hau bayanta. Ta buga fukafukai, fukafukan suka yi mata nauyi, ta saki wani kuka, irin kukan da Umma ta ji daga kicin ta ce murna ce.

Umma ta fizgo ta. Ta kai ta bakin famfo tana ɗaurayewa tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ni ce." Ta naɗe ta a tawul ta rungume, tana jin 'yar zuciyar na bugawa a hannunta. Ita ce ta kashe su. Da hannunta, kullum da safe, tana jin daɗin kanta. Kunya ta rufe ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, don ta ji direba ya tada mota.

Ta fito haka nan, zani a jiƙe, agwagwa a ƙirji. An gama lodi. Auta na zaune a gaba da Takwara a cinya, ƙofa a buɗe. Mijin yana ƙasa yana ɗaure igiya. Mutanen ɗazu ba su watse ba, sun ma ƙaru, matar tela na gaba-gaba.

Umma ta tsaya a gabansa.

"Ba kai ba ne," ta ce. Ta ɗaga murya don na baya su ji. "Ku ji da kunnenku, ba shi ba ne. Ni ce. Sabuluna ne ya kashe su. Na yi maka ƙazafi a gaban jama'a, ka yafe mini."

Ya saki igiyar ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. Auta ta gyara wa Takwara zama, ta sauko da ƙafa ɗaya ƙasa.

"Haba Umma, ba komai, wallahi ba komai," ya ce. Daɗi ya sa bakinsa ya saki, shi da ba ya doguwar magana. "Ni ne silar komai. Ai kullum ina hango ki ta hujin kwanon rumfata da jarkar nan a hannu. Kunya ce ta hana ni fitowa, ganin ɓarnata ce kike gyarawa. Ban san yana cutar da su ba."

Da ya tsaya a "ba komai", da shi ke nan. Da ita ma ta haɗiye. Ta ji abin yana tasowa daga cikinta, ta san shi, ta san bai kamata ya fito ba, amma ya riga ta zuwa baki.

"Kana hango ni?"

"Na'am, Umma?"

"Kullum kana hango ni. Kai da kake wanke hannunka da sabulun nan safe da yamma, kana ganin abin da yake yi wa mai, ka ce ba ka sani ba? Ko dai ka sani, ka yi shiru, ka bar ni in yi maka aikin da hannuna?"

Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Subhanallahi."

Auta ta dubi uwarta. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi fushi ciwo. Ta janye ƙafarta ciki, ta jawo ƙofar ta rufe.

"Hau mu tafi," ta ce wa mijinta ta taga. "Direba, mu je."

"Auta," in ji Umma. "Auta, tambaya ce kawai na yi."

Ya miƙe, ya ce, "A gafarce mu, Umma," ya haye bayan motar ya zauna a kan katifa. Motar ta ja. Takwara ta leƙo ta taga tana ɗaga wa kakarta hannu tana dariya, ta ɗauka unguwa za a je.

Umma ta bi su da kallo har suka sha kwana, Gurguwa na karkarwa a ƙirjinta. Ta so ta ruga a guje, ta so ta yi ihu ta ce ta janye. Mutane suka fara zamewa ɗai-ɗai ba sallama. Matar tela ta matso ta dafa ta, ta ce, "Mai Agwagi, shiga ciki ki canza zani, sanyi zai kama ki."

Umma ta juyo da jajayen idanu, hawaye na zuba, ta kama hannun matar ta riƙe gam.

"Ke kina wurin," ta ce. "Ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Da yake cewa bai sani ba, kin lura da idonsa?"